Yadda ake haɗa dashbod da wayarin na jirgin sama ƙirar gida

Wanda duk ya taɓa kwanciya rigingine a ƙarƙashin dashbod ɗin ƙaramin jirgi, kansa tsakanin fedodin juya wutsiya, ƙafafunsa a kan kujera, tocila a baki, yana laluben waya ɗaya tak cikin fararen wayoyi ɗari, ya san inda ake gane gwanin wannan aiki. Fuskar allon dashbod ɗin kowa na iya gyara ta ta yi kyau. Bayansa ne zai nuna ko mai shi ya tuna da ranar gyara tun yana gini. Saboda haka duk shawarar da za ka gani a nan, da tunanin wannan ranar na ba da ita.

Fara da takarda, ka bar ƙarfen tukuna

Tambayar farko ita ce wane irin tashi za ka riƙa yi. Jirgin da zai tashi da rana kawai, sararin sama garau, buƙatarsa kaɗan ce: ma'aunin gudu, ma'aunin tsayi, kamfas, ma'aunan inji da na mai, rediyo, sai tiransifonda, na'urar da ke amsa wa radar masu kula da zirga-zirgar jirage, idan sararin da kake bi ya wajabta. Mai niyyar shiga gajimare kuwa sai ya tanadi biyu-biyu na abin da rayuwarsa ta rataya a kai, har da hanyar wuta ta biyu. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, alal misali, tun 1 ga Janairun 2020 aka wajabta na'urar ADS-B Out, mai sanar da inda jirgi yake, a yawancin sararin da ake buƙatar tiransifonda. Ka karanta ƙa'idar hukumar jiragen sama ta inda za ka yi wa jirgin rajista kafin ka sayi komai.

Daga nan sai lissafin wuta. Ka jera kowace na'ura, ka rubuta amf nawa take ja kamar yadda takardarta ta faɗa, ka raba gida biyu: masu ci ba yankewa, irin su sikirin da rediyo da fitilun fiffike, da masu ci na ɗan lokaci, irin su motar fiffiken sauka da sitata. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce jimillar masu ci kullum kada ta wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin altaneta. Altaneta mai amf 60 ke nan ka tsaya a 48. Mai injin Rotax 912 ya fi kowa buƙatar wannan lissafi, domin janaretan da ke cikin injin wat 250 ne kacal, bai kai amf 20 ba, kuma hitar bututun Pitot, wanda ke kai iska ga ma'aunin gudu, ita kaɗai tana iya lashe kusan rabinsa.

Sannan ka zana taswirar wayarin. Kada ka cusa komai a shafi ɗaya. Kowane sashe da shafinsa: caji da batir, tayar da inji, fitilu, rediyo da sauti, ma'aunan inji. Kowace waya ka ba ta lamba, ka rubuta kaurinta da fis ɗin da ke kare ta. Littafin da masu wannan sana'a suka fi dogara da shi shi ne takardar hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, mai lamba AC 43.13-1B, babi na 11, kuma kyauta take a intanet.

Allon kwali kafin na alminiyam

Ka yanka kwali mai kauri ko siririn katako daidai girman allon, ka buga hotunan na'urorin a ainihin girmansu, ka yanke, ka manna da salatif. Ka kafa shi a jirgin, ka zauna a kujera da katifarta ta gaskiya, ka ɗaura bel ka tsuke shi. Yanzu miƙa hannu. Duk makunnin da ba ka iya taɓawa sai ka sassauta bel, ba wurinsa ba ke nan. Ka bar kwalin ya kwana biyu, ka riƙa shiga kana fita, domin abin da ya yi maka daidai ran Asabar wataƙila ran Talata ya ba ka haushi.

Ga mai amfani da ma'aunai masu allura, akwai tsohon tsarin da matuƙa suka saba da shi: ma'aunin karkata a tsakiya daidai gaban ido, na gudu a hagunsa, na tsayi a damansa, na alƙibla a ƙarƙashinsa. Mai sikirin kuwa ya sa babban a saitin fuskarsa. Makunnai ka jera su bisa yadda ake tayar da jirgi, daga hagu zuwa dama, kuma kada makunnin famfon mai ya zauna kafaɗa da kafaɗa da na babbar wuta alhali kamarsu ɗaya. Hannu a cikin duhu ko cikin ruɗewa ba ya karatu.

Abin da kwali ba ya nunawa shi ne zurfi. Akwatin rediyo faɗinsa inci 6.25 ne, amma yana shiga ciki kusan inci 10 zuwa 12, ga kuma soket da lanƙwasar wayoyi a bayansa da za su ƙara cin inci biyu ko uku. Ka auna abin da ke bayan allon: haƙarƙarin jiki, sandar tuƙi idan an tura ta gaba gaba ɗaya, hannun murfin gilashi, igiyoyin totur. Ni nakan haɗa akwatunan kwali masu girman kowace na'ura in manna su a baya, in motsa sanda ko'ina in ga ko za ta taɓa.

Yanka da huda

Yawanci ana amfani da farantin alminiyam 2024-T3 ko 6061-T6 mai kaurin inci 0.063, wato kimanin milimita 1.6. Idan ramuka sun yi yawa har allon ya zama kamar rariya, ka ƙara masa ƙarfin kwana a ƙasa ko ka ɗauki mai kaurin 0.090. Ramukan ma'aunai iri biyu ne: inci 3⅛ da inci 2¼. Mafi sauƙi a yau shi ne ka zana a kwamfuta ka kai wa masu injin yanka. Mai son yi da hannunsa ya nemi abin huda mai matsewa da noti, ya fi wuƙar nan mai juyawa aminci. Idan wuƙar ce kaɗai gare ka, to a kan injin huda na tebur, a gudu mafi ƙanƙanta, farantin a ɗaure tam da kilam. Kada ka riƙe shi da hannu, ko da wasa.

Shawarar da ba ka taɓa da-na-sani a kanta ita ce ka raba allon gida-gida: firam mai zama daram, da faranti biyu ko uku masu cirewa da sukurori. Ranar gyara sai ka kwance faranti ɗaya ka jingina shi a cinya kana zaune kamar mutum. Ka goge bakin kowane rami da magagari har yatsa ya bi bai ji kaifi ba, ka gwada duk na'urorin a wurinsu, sannan fenti marar ƙyalli, sannan rubutun sunan kowane makunni da bireka, wato fis mai maɓallin da ake iya mayarwa.

Waya, da abin da fis yake karewa

Wayar mota ba ta shiga jirgi. Rigarta ta roba ce irin PVC, idan ta ƙone hayaƙinta guba ne, kuma a cikin ɗan akurkin matuƙi ba inda za ka gudu. Wayar jirgi ita ce mai lamba M22759/16, tagulla mai silli-silli da aka shafe da kuza, rigarta Tefzel, tana jure zafi har digiri 150 a ma'aunin Salshiyos. Kaurinta da lambar AWG ake faɗa, kuma lamba na ƙaruwa waya na sirancewa: 22 siririya ce, 2 kuwa kaurin ɗan yatsa, ita ake kai wa sitata.

Abin da sababbin shiga suka fi kuskurewa shi ne aikin fis. Waya yake karewa. Idan rigar waya ta goge ta taɓa jiki, fis ne zai yanke kafin wayar ta zama garwashi. Don haka da kaurin waya ake zaɓen iyakarsa: lamba 22 bireka amf 5, lamba 20 amf 7.5, lamba 18 amf 10, lamba 16 amf 15, lamba 14 amf 20. Kana iya sa ƙasa da haka idan na'urar ta nemi hakan, amma ba sama ba. Kuma fis yana zama ne a bakin inda wutar ta taso, domin duk tsawon wayar da ke tsakaninsa da tushen wutar tsirara take.

Sharaɗi na biyu shi ne raguwar wuta a hanya. A jirgi mai bolt 14, abin da aka yarda ya ɓace tsakanin tushe da na'ura mai ci kullum rabin bolt ne. Ɗauki fitilar sauka a bakin fiffike, tana jan amf 3, nisanta ƙafa 20, jikin jirgin na ƙarfe shi ne hanyar dawowa. Waya lamba 22 tana da kusan om 16 a kowace ƙafa 1,000, ƙafa 20 ke nan om 0.32, sau amf 3 ya ba ka kusan bolt ɗaya. Ta faɗi, duk da cewa amf 3 bai fi ƙarfinta ba. Lamba 20 za ta zubar da 0.6, ita ma ta ɗan haura. Lamba 18 ce za ta tsaya wajen 0.4. Idan jirgin na faiba ne ko na katako, dole ka ja wayar dawowa, tsawon ya ninka, lissafin ma ya ninka.

Fis ko bireka? Ni ina bayan akwatin fis mai araha da sauƙin nauyi ga yawancin layuka, a ɓoye shi inda hannu ke kaiwa a ƙasa. Abin da ya yanke fis a sama ba ya warkewa don ka mayar da shi. Bireka na barin wa 'yan layukan da matuƙi zai so ya kashe da gangan, kamar layin filin altaneta (koyil ɗin da ke ba ta maganaɗisu) mai amf 5 da na na'urar tuƙi mai sarrafa kanta. Akwai kuma akwatunan lantarki irin na Vertical Power masu yin aikin duka biyun, suna da kyau, sai dai ka tambayi kanka me zai rage a kunne ranar da akwatin kansa ya mutu.

Ƙashin bayan wutar

Daga fozitif na batir, gajeriyar waya mai kauri za ta je babban rile, wato makunnin da lantarki ke kunnawa, a kafa shi kusa da batir iya yadda zai yiwu, domin wannan guntun ba makunnin da ke kashe shi. Makunnin babbar wuta da ke kan allo ba ya ɗaukar nauyin komai, negetif kawai yake ba wa koyil ɗin rilen. Daga rile wuta ta rabu: ɗaya zuwa rilen sitata, ɗaya zuwa babban layin rabo. Kowane koyil ka gitta masa dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, zoben dayod ɗin yana kallon ɓangaren fozitif, don ya shanye tartsatsin da ke tashi lokacin kashewa. In ka juya shi, da kunnawar farko zai ƙone.

Altaneta na buƙatar kariya daga hauhawar wuta. Idan regileta ta lalace, wuta na iya haurawa cikin ƙiftawar ido ta gasa duk abin da ka kashe kuɗi a kai. Na'urar kariya takan yanke filin altaneta da wuta ta kai wajen bolt 16. Ga mai batirin litiyam wannan ba zaɓi ba ne.

Sai ƙaramin layi na na'urorin dole: sikirin ɗaya, rediyo ɗaya, tiransifonda. Yana shan wuta daga babban layi ta cikin dayod, yana kuma da makunninsa na daban kai tsaye daga batir ta fis. Altaneta ta mutu, ka kunna wannan, ka kashe babbar wuta, batir ya kai ka ƙasa. Idan injinka da lantarki yake samun tartsatsi ko mai, to layinsa ka bi takardar maƙerin injin harafi da harafi.

Negetif wuri ɗaya

Yawancin ƙarar da ke damun matuƙa a kunne daga nan take. Idan kowace na'ura ta kama negetif a sukurun da ya fi kusa da ita, wutar fitilu da ta altaneta da ke bi ta jikin jirgi sai ta haifar da ɗan bambanci tsakanin wuri da wuri, na'urar sauti kuwa ta ɗauke shi ta ƙara masa ƙarfi. Maganin shi ne farantin tagulla guda mai harsuna da yawa a jikin bangon da ya raba inji da matuƙi, babban noti ya ratsa bangon, ta can gefen a haɗa shi da negetif na batir da kuma jikin inji da waya mai kaurin ta sitata. Duk abin da ke kan allo ya dawo nan.

Na taɓa shafe kwana uku ina farautar wani siririn kuka da ke tashi yana sauka tare da totur. Na canza wayar altaneta, na sa mata tacewa, na zargi rediyon. Ashe soket ɗin hedfon ne na ɗaure kai tsaye a jikin alminiyam. Wosha biyu na roba, ɗaya mai kafaɗa ɗaya shimfiɗaɗɗe, suka raba shi da ƙarfen, kukan ya ɗauke ɗif. Wayoyin makirfo da na hedfon masu sulke, wato rigar saƙar ƙarfe, ake sa wa, a haɗa sulken a gefen na'urar sauti kaɗai. Wayoyin bayanai kuwa wasu kamfanoni kan ce a haɗa ta gefe biyu, sai ka bi takardarsu.

Matse kan waya

A jirgi matsewa ta fi dalma. Dalma takan bi sillayen waya ta haura ta sandare su, daidai inda taurin ya ƙare nan girgiza za ta karya ta, kuma a cikin riga, inda ido ba ya gani. Ka sayi filaya mai kakkaɓewa wadda ba ta sakin kai sai ta matse har ƙarshe. Kawunan waya launi uku ne: ja na lamba 22 zuwa 18, shuɗi na 16 zuwa 14, rawaya na 12 zuwa 10. Fil-fil na soket mai fil da yawa irin D-sub kuma da tasu filayar mai haƙora huɗu. Araha ba ta ado a nan.

Ka feƙe riga da abin feƙewa na Tefzel, ka duba ko silli ɗaya bai yanke ba, ka zura har ka hango tagulla ta ɗan ramin da ke jikin fil ɗin, ka matse, ka ja da ƙarfi. Kowace ɗaya, ba ta goma-goma ba. Bayan ka tura fil cikin soket ka ji ya ce ƙyas, sake ja. Fil ɗin da bai kama ba shi ne mai aiki lafiya a ƙasa ya riƙa ɗaukewa a sama. Kafin ka matse, ka zura lambar wayar a kowane ƙarshe cikin robar nan mai tsukewa da zafi.

Duk wannan a kan tebur ake yi. Ka buga ƙusoshi a faifan katako bisa hanyar da damin wayoyi zai bi, ka shimfiɗa su, ka ɗaure da zaren kakin zuma na wayarin. Ɗaurin roba ma yana yi, amma ka yanke jelarsa daidai wuya, in ba haka ba bayan hannunka zai ba da labari. Kowane soket ka bar masa rarar waya da za ta isa a zaro na'urar gaba a kwance ta, inci shida ko fiye.

A cikin jirgi damin ya samu maɗauri mai rigar roba aƙalla kowane inci 24, zoben roba a duk ramin da ya ratsa, kuma ya bi ta saman bututun mai, ba ƙasansa ba, ba kuma a ɗaure a jikinsa ba. Wayar eriya RG400 ce, a nisanta ta da wayoyin fitilu masu walƙiya. Wayoyin auna zafin silinda da na salansa ƙarfe ne na musamman, in za ka ƙara musu tsawo sai da irinsu, tagulla za ta sa su yi maka ƙarya. Na'urar gane alƙibla ta maganaɗisu a kai ta nesa, bakin fiffike ko bayan jiki, da sukurorin da maganaɗisu ba ya kamawa.

Wayar maganeto, na'urar da ke ba fulogin inji tartsatsi, ta bambanta da kowace. Kashe maganeto yana nufin haɗa wayarsa da jiki. Idan wayar ta tsinke, makulli na nuna a kashe alhali injin a shirye yake ya tashi da an juya farfela. Waya mai sulke za ka sa, ka tallafe ta sosai a gefen inji.

Ranar ba da wuta

Kafin batir ya shigo, dukkan na'urori a cire. Ɗauki mita da taswirarka, ka bi kowace waya fil zuwa fil kana yi mata alama da jan biro. Ka auna tsakanin layin rabo da jiki ka tabbata ba su haɗe ba. Idan na'urorinka na magana da juna ta layin bayanai na CAN, kamar na tsarin Garmin G3X, akwai resista mai om 120 a kowane ƙarshe, mita ya nuna kusan 60 tsakanin wayoyin biyu.

Cire fis duka. Ba da wuta, in da hali daga na'urar tebur mai iyakance amf. Sa fis ɗaya, auna fil ɗin wuta da na negetif a soket ɗin da yake ciyarwa, kashe, jona na'urar, kunna, saurara, shinshina. Sannan na gaba. Kada ka danna maɓallin magana na rediyo alhali eriya ba ta jone.

Bututun iska ma a gwada su. A ja iska daga layin sitatik, bututun da ke kai wa ma'aunin tsayi matsin iskar waje, a hankali har ma'aunin tsayi ya nuna ƙafa 1,000 sama da inda kake, a toshe, cikin minti ɗaya kada ya sauka fiye da ƙafa 100. Kada ka hura da baki ko da kwamfiresa. A Amurka tiransifonda sai an kai shi gwaji kowane wata 24, haka ma layin sitatik da ma'aunin tsayi ga mai tashi cikin gajimare.

Da inji ya tashi, wuta ta nuna wajen bolt 14. Kunna kaya ɗaya bayan ɗaya da hedfon a kunne, ka gane wanne ya kawo ƙara. Danna maɓallin magana kana kallon ma'aunan inji, in alluransu sun yi tsalle to siginar rediyo na kutsawa, ka koma kan wayar eriya da sulke. A gudu mafi ƙasa ka juya makulli zuwa kashe na ɗan daƙiƙa ka ji injin ya ɗauke, shaidar wayoyin maganeto na aiki. Sai a juya jirgin fuska-fuska a daidaita kamfas, inji na tafiya, rediyo a kunne, a rubuta katin karkatarsa, kada ta wuce digiri 10 a kowace fuska. Daga ƙarshe a sake ɗora jirgin a sikeli, domin allon da wayoyinsa sun matsar da tsakiyar nauyi. Duk canjin da ka yi a kwanakin gwajin nan, ko fil ɗaya ka matsar, ka gyara shi a taswira a ranar, ka sa kwanan wata a gefen shafin.